Kwamfutar Ɗinki da Kunyar Suruki

Jiya da hantsi ina kishingiɗe a rumfa, kuna tsammanin barci nake, na ji ɗayarku tana ce wa 'yar'uwarta wai aikin Inna ba aiki ba ne, kwamfuta ke yi, ita dai ta danna ta koma ta naɗe hannu. Yau kuma ga ku kun zo min da maganar a sake wa kwamfutar tsari, wai an fito da wani da ya fi wanda ke cikinta. To, ku sami wuri ku zauna. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma an taɓa sake mata tsarin nan sau ɗaya, ina tsakiyar aikin mutane, kuma abin da ya biyo baya ni ya faɗa wa. Zan ɗauko muku shi tun daga tushe, ku auna da kanku.

Matashin kai na farko da na ɗinka, a gidan Gwaggo Tumba ne, ƙanwar babana, nan Gummi, can gefen da ake gangarawa fadama. Ina 'yar budurwa aka kai ni. Kayan aikinta duka a cikin kwanon sha ɗaya suke: allurai a soke jikin tsumma, zaren ulu kala-kala, guntun alli, reza, sai bakin tsohuwar rariya da aka cire wa raga, wanda take ɗaure yadi a kai don ya miƙe. Ta zana min fulawa mai ganye biyu, ta ce in cika. Na cika, har ina jin daɗi, na kai mata. Ko duban fuskar aikin ba ta yi ba. Juya shi ta yi, ta dubi baya, inda zare ya yi ƙulle-ƙulle kamar saiwar albasa. Ta miƙo min reza, ta ce, "Warware. Dangin miji ba gaba suke dubi ba." Daminar nan duka, abin da na warware ya fi abin da na ɗinka. Ita ba ta duka, ba ta zagi. Reza kawai take miƙowa.

Bayan na yi aure, mai gidana, Allah Ya jiƙansa, ya sayar da shinkafar wata kaka mai albarka ya sayo min keken surfani daga Sakkwato. Shi na taka har 'ya'yana suka girma. Na tuna wani labulen ƙofa da na yi wa wata mata daga Anka, yadi mai santsi kamar jikin tarwaɗa, in ka kama nan ya zame can. Sai da na jiƙa shi da sitaci, na shanya, na goge, kafin ya yarda ya tsaya a ƙarƙashin allura. Da ta zo karɓa ta ce ita ja ta ce, ba ruwan goro ba, alhali ita ta zaɓi zaren da hannunta. Uwar amarya ke nan, ba a musu da ita, hankalinta ba a jikinta yake ba. Na fi jin daɗin matan ruga. Su zo da ƙwaryar nono a ka, su nuna ja da rawaya da yatsa, su tafi, in sun dawo su shimfiɗa aikin a tsakar gida su yi ta kewaya shi suna dariya. Haka shekaru suka tafi. Keke yana cin gwiwa, zare yana cin ido. Da na fara kai zare bakin allura ina kuskurewa, na san lokaci ya matso.

Bello, ɗana na uku, shi ya kawo injin nan da kuke gani, tare da kwamfutarsa, daga hannun wani tela a Gusau da ya tashi shago. Ranar da aka sauke su, mata suka cika gidan nan suna leƙe. Na ce wa Bello ya mayar, ina ni ina wannan. Ya ce, "Inna, ba karatu za ki yi ba. Hanya za ki gane, kamar hanyar kasuwa." Ya ɗora hannuna a kan ɗan abin nan da kuke ce wa mawus, ni ɓera nake ce masa, ya ɗora nasa a bisa nawa, muka yi ta bi. Shuɗin hoto a kusurwar ƙasa ta hagu, a danna. In ya buɗe, zane-zanen duk suna nan jere da hotunansu, kowa da gidansa: dawisu a sama, dagi maƙwabcinsa, a ƙarƙashinsu fulawa da zangarniyar shinkafa. In na zaɓa, in gangara dama in danna kore, inji ya amsa. Kafin Bello ya tafi Fatakwal neman abinci, hannuna ya haddace hanyar nan har ina iya bin ta ina hira da baƙuwa. Ban taɓa sanin abin da aka rubuta a ƙarƙashin ko ɗaya ba. Ba wanda ya tambaye ni yadda nake yi, ni ma ban ga abin faɗa ba. Aiki dai yana fita.

Ku da kuke cewa dannawa kawai ake yi, kwamfuta ba ta san tsakiyar zanin gado ba. Ni ke ninka shi gida huɗu in sa alli. Ba ta san yadda ake ɗaure yadi a firam ba, wato ƙawanyar da ke riƙe shi a ƙarƙashin allura. In ya yi sako-sako, aikin ya tattare kamar fuskata. In an ja shi da yawa, ranar wankin farko ya kumbura. Ba ta san wane ja ne zai zauna kusa da wane kore ba a ɗakin da taga ɗaya gare shi. Ba ta jin lokacin da zaren ƙasa ya kusa ƙarewa. Ni daga bakin murhu nake jin muryar inji ta sake, in taso. In ya gama, ni ke zama da almakashi in bi bayan aikin in tsince zare ɗaya bayan ɗaya. Ƙafa ce ta huta. Sauran jiki yana nan a bakin aiki.

To, shekarar da ruwa ya kwanta a kan shinkafar fadama, aiki ya yi ƙasa. Bukukuwa ba su tsaya ba, amma iyayen amare sai su shiga kasuwa su ɗauki zanin gado na kanti su rufe gado da shi. Inji yakan yi kwanaki a lulluɓe. Ana cikin haka sai ga Kulu daga Bukkuyum, taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda muka tashi tare. Autarta, ma'aikaciyar asibiti, za ta yi aure. Kulu ta shigo da ƙunshi a ka, tun daga zaure take kira.

"Ina makauniyar gidan ga? Ko ta faɗa rijiya?"

"Ga ni nan, gurguwa. Wa ya sauko da ke daga mota?"

Ta kwance ƙunshin a kan tabarma. Farin yadi ne mai nauyi, mai ɗan ƙyalli, wanda ta sayo da hannunta a Makka shekarar da ta sauke farali, ta ajiye a ƙasan adaka tana jiran wagga rana. Akwai na zanin gado, da na matasan kai huɗu, da na labulen ƙofa.

"Dawisu nike so a tsakiya," ta ce, "shi buɗe wutsiya har bakin gado. Matasai kuma ƙananan dawisu. Dangin yaron ga 'yan ganin ƙwaƙwaf ne, Hajo. Ina son ran jere, in an ɗaga an juya an ce aikin wa, in buɗe baki in ce Hajo ta Gummi, in ga wadda za ta ƙara magana."

Ku sani, mu a sana'ar nan ba mu da shago a bakin titi, ba mu da mai yi mana shela. Ranar jere, in mata sun kafa gado sun shimfiɗa, dangin ango suke shigowa su duba. A nan ake tambayar aikin wa, a nan ake faɗin suna, kuma sunan da aka faɗa a ɗaki ɗaya shi ke kawo aikin shekara. A shekara irin waccan, ɗakin autar Kulu shi ne ƙofar da ta rage min a Bukkuyum. Na ce mata ta je ta sha kuruminta. Jere kuwa Asabar ta sama.

Kwamfutar a lokacin ta tsufa da gaske, ba zan ɓoye ba. In na kunna ta da safe, sai na dama koko na juye kafin ta buɗe ido. 'Yan mata su zo da sababbin zane a waya, a sa mata, ta ƙi karɓa. Wani farin akwati mai rubutu ya yi ta fitowa a tsakiyar gilashi, ni dai na san in na danna kusurwarsa yana tafiya. Luba, ɗiyata, uwar wasunku, wadda ke yi min kalmasa da keke, ita ta karanta shi ta kai wa mijinta labari.

Mijin Luba, ba sai na faɗi sunansa ba, malamin makaranta ne a Anka. Sai ranar Juma'a yake zuwa gida, ya koma Lahadi tun rana na sama saboda halin hanya. Ɗan gidan malamai ne, mai kunya. Tun da ya auri Luba har zuwa lokacin, bai taɓa wuce zauren gidan nan ba. In ya zo gaisuwa, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a cikin zaure, ni ina daga bayan katanga, ya ce, "Inna, ina wuni," in ce, "Lafiya lau, Malam," shi ke nan. Bai taɓa ganina ina cin abinci ba. Ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba. Haka muka taras, haka mahaifiyata ta yi da mai gidana har ta koma ga Allah.

Shi ya aiko Luba da bayani. Wai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wato tsarin da komai ke zaune a kansa, masu ita sun daina kula da ita, cuta na iya shiga rana ɗaya ta cinye zane-zanen duka. Wai in na yarda zai sa mata sabon tsari, kyauta daga gare shi, kuma ba abin da zai ɓace. Duk abin da ya faɗa gaskiya ya faɗa. Tambaya ɗaya ce bai yi ba, don bai san akwai ta ba: ta ina Inna take bi ta kai ga dawisu? Da ya taɓa tsayawa a bayana sau ɗaya ina aiki, da ya gani. Amma ina suruki zai tsaya a bayan surukarsa, a cikin ɗakinta? Ni kuma suruki ya miƙo alheri, ba a ce masa ya dakata sai an gama aikin Kulu. Na ce wa Luba ta ce masa Allah Ya yi albarka.

Luba ta ɗauki kwamfutar a ka ta kai masa zaure ranar Juma'a da yamma. Ranar Lahadi da safe ta dawo da ita, an goge ta tas, har ramukan jikinta an hure.

Na kunna. Kafin in gyara zama ta buɗe. Na ce madalla. Na kai hannu kusurwar ƙasa ta hagu na danna, sai wani abu daban ya fito, mai hoton rana da gajimare. Na rufe, na sake. Hannuna yana zuwa inda ya saba, yana taras da bango. Kamar ki fita ɗebo ruwa ki dawo ki taras an juya ɗakinki, ƙofa ta koma inda taga take. Luba ta lalubo min wurin zane-zanen. Duk suna nan kamar yadda ya ce, ko ɗaya bai ɓace ba. Sai dai babu hoto. Rubutu ne layi-layi, ƙanana kamar jerin tururuwa, rabi lambobi rabi haruffa, sunayen da telan Gusau ya sa musu don kansa. Luba ta karanta, ita ma ba ta san wanne ne dawisu ba.

Mijin Luba kuwa yana zaure da jakarsa, yana jiran ya ji sakamako kafin ya wuce tasha. Luba ta zama 'yar aike.

"Shina tambaya, wai ta buɗe?"

"Ce mai ta buɗe."

Ta je ta dawo. "Wai kin ga zanenki?"

"Ce mai an gani."

"Inna, mi kinka gani? Ba ki ga komi ba!"

"Rage murya, shina jin ki."

"To shi ji mana! Bari in ce mai shi shigo shi nuna miki."

"Shi shigo ina? Nan? Ga gadona, ga kwanon tuwon jiya? In ke ba ki da kunya, ni ina da ita. Ki tahi ki ce mai an gode, Allah shi kiyaye hanya."

Ta tsaya tana dubana, ta juya. Na ji ta a zaure tana cewa, "Tac ce an gode." Na ji shi ya ce, "Alhamdu lillahi," da muryar wanda ya sauke kaya. Ya tafi Anka.

Makon nan ni da Luba muka yi ta lalube. Mu buɗe wannan layi, ya fito kwandon fulawa. Mu buɗe wancan, ya fito wuyan rigar maza. Muka kira Bello a waya, ya ce shi tsohon tsarin ya sani, wannan bai taɓa ganinsa ba. Luba ta ce bari ta kira mijinta, na ce mutumin da ya tafi da farin ciki ba a bin sa da waya a ce masa kyautarsa ta tsayar da aiki. Ranar Laraba muka dace da dawisu. Na gwada ƙaramar fulawa a tsumma, ta fita lafiya. Sai na ninka yadin Kulu gida huɗu, na sa alli, na ɗaure a firam, na yi bisimilla, Luba ta danna.

Abin da ba mu sani ba, a tsohon tsarin Bello ya riga ya gaya wa kwamfutar girman firam ɗina tun ranar farko, abin ya zauna haka. Sabon tsarin bai san da wannan ba, ya ɗauka firam ɗin ya fi haka faɗi. Kan dawisu ya fita, wuya ya fita, zare na kwanciya kamar an shafa mai. Da aka zo wutsiya, inji ya ɗauki allura ya nufi inda babu fili. Na ji muryarsa ta sake, na taso, ban kai ba. Allura ta daki firam ta karye, guntun ya kama yadin ya ja kafin inji ya tsaya. Ƙarar yagewar ba ta da ƙarfi, kamar an yaga ganyen masara. Tsaga ce mai tsawon kamu ɗaya da wani abu, a tsakiyar yadin da ya kwana shekaru a adakar Kulu.

Luba ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa na kwance firam, na ninke yadin, na tura ƙarƙashin katifa. Alhamis ban kunna komai ba. Maƙwabciya ta leƙo ta ce yau ba su ji kukan inji ba, na ce rana ce ba ta cika batirin sola ba. Na auna abin da ya rage. In aka haɗa na labule da na matasai, zanin gado ɗaya zai fita, da mahaɗi a gefe inda ido ba ya kaiwa. Matasai da labule kuwa babu su. Irin yadin nan kuma ba a Gummi ba, ba a Gusau ba.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na ji sallamar mijin Luba a zaure. Luba ta miƙe za ta fita, na ce ta zauna. Na yafa mayafi, na ratsa tsakar gida. Matan gidan nan suna bakin turmi, suka tsaya da daka. Na tsaya a ƙofar zaure, ba a bayan katanga ba, a ƙofar. Yana ganin ƙafafuna ya zube, kai a sunkuye.

"Inna, ina wuni."

"Malam, taso ka shigo."

Bai motsa ba.

"Ɗakina nike nufi. Taso."

Ya biyo ni ba takalmi, yana bin gefen bango kamar wanda za a yanke wa hukunci. Wata daga bakin turmi ta ce a hankali, amma don a ji, "Ikon Allah, yau rana ta ina ta hito?" Wata ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da gefen zani. Na zauna a kujerar aiki. Shi ya durƙusa a bakin ƙofa yana kallon tabarma. Na jawo yagaggen dawisun daga ƙarƙashin katifa na shimfiɗa a gabansa. Ya daɗe yana dubansa.

"Innalillahi," ya ce. "Inna, ai an ce min an gani."

"Ni na ce a ce maka. Matso nan."

Ya matso kaɗan.

"Malam, ni ban iya karatu ba, ka sani. Abin da ba ka sani ba, hannuna ke gani, ba idona ba. Ɗaga kanka ka dubi hannuna."

Ban taɓa tsammanin bakina zai faɗa wa mijin ɗiyata haka ba. Ya ɗaga kai, iyakarsa wuyan hannuna. Na ɗora hannu a kan ɓera, na rufe ido, na bi tsohuwar hanya a kan sabon gilashi: kusurwar ƙasa, sama gidan dawisu, maƙwabcinsa, gangara dama. Ya ce in sake. Na sake. Sai na ji ya ja dogon numfashi. Ya nemi izini, na janye hannu, ya ɗora nasa inda nawa ya tashi. Ya jawo shuɗin hoton ya ajiye a kusurwarsa. Ya taɓa wani wuri, rubutun nan duka ya juye ya koma hotuna. Yana tambaya, ba ya dubana.

"Dawisu a nan, Inna?"

"Ƙara sama."

"Dagi fa?"

"Damansa."

Ya karɓi abin awon Luba ya auna firam, ya gaya wa kwamfutar. Ba a kira la'asar ba ya gama. Abin da ya cinye min mako guda da yadin Makka, bai kai tsawon dahuwar shinkafa ba. Ya tashi zai fita da baya-baya, ya tsaya a ƙofa.

"Inna, laifina ne. Da na tambaya."

Na ce, "Da ka tambaya, da an ce maka an gode."

Luba ta haɗa yadin, na ɗaure, inji ya kama. Dawisu ya buɗe wutsiya har inda Kulu ta ce, rana na faɗuwa batir na ƙarewa. Matasai muka yanka daga farin yadin kasuwa, babu ko ɗigon zare a jikinsu, don wuta ta riga ta tafi.

Yanzu ga tambayarku, ko akwai riba a sake tsari. Akwai. Wanda ya sa min ɗin shi nake aiki da shi har yau. Tana buɗewa da wuri, tana karɓar zanen waya, kuma yawancin aikin da 'yan mata ke kawowa yanzu irin wanda tsohon tsarin ke ƙi ne. Da an bar ta yadda take, wataƙila da tuni ta mutu da zane-zanena a ciki. Ban ce kar a sake ba. Amma ba a taɓa ta da yadin mutane a ɗaki, sai bayan salla, lokacin da ba aikin kowa a rataye jikin ƙusa. Kuma duk wadda za ta sake, ta fara zuwa ta zauna a nan gefena wuni guda, ta ga inda hannuna ke zuwa, ta auna firam, ta tabbata sabon zai san injin nan, don shi ma ya manyanta. In abin da zai ƙara min bai wuce kyan gilashi ba, a bar min wanda na sani. Ku jikokina ne, ba surukai ba. Ba abin da zai hana ku tambaya, ba abin da zai hana ni cewa ban gani ba.

Saura Bukkuyum. Asabar da sassafe na shiga mota da kaina, ƙunshi a cinya, ban aiki kowa ba. Na sami Kulu a madafa, na ja ta gefe, na kwance mata duka, har da yagaggen. Na jira zagi, irin wanda muka saba ko wanda ya fi shi. Ba ta ce makauniya ba. Ta shafa tsagar da yatsa, ta ninke, ta ce, "Kin sha hanya, Hajo. Zo ki sha ruwa." Tun muna yara ba ta taɓa yi min magana da ladabi irin wannan ba.

Aka kafa gado, aka shimfiɗa. Dawisun ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Dangin ango suka shigo da guɗa, ɗakin ya cika da turare da zafi. Ni ina tsaye a lungu kusa da jeren kwanoni, ba wadda ta san ni. Gwaggon ango, wata doguwa mai haƙorin Makka, ta ɗaga gefen zanin ta juya bayansa, ta duba, ta gyaɗa kai. Sai ta ɗauki matashi ɗaya, ta juya shi gaba da baya, ta kara shi da zanin gadon a hasken ƙofa. Fari biyu suka rabu. Ta ɗaga ido ta dubi ƙofar da ba labule.

"Gado ya sha ado, matasai tsirara," ta ce. Mata suka yi dariya. "Aikin wa wanga?"

Kulu tana durƙushe tana gyara ƙafar gado. Ba ta ɗago ba, ba ta dubi lungun da nake ba.

"Na kwamfuta ne," ta ce. "Kin san aikin zamani."

"Ai shi ne! A danna a tashi. Ina masu aikin da, waɗanda za su zauna su cika miki ɗaki da hannunsu?" Ta waiwaya tana neman tsohuwar da za ta taya ta, idonta ya faɗo kaina. "Ko ba haka ba, Inna?"

Na ja mayafi na rufe yatsuna, inda zare ya yi kanta.

Na ce, "Haka ne."